Kwafi da Yawa, Magana Ɗaya: Tarihin Ƙa'idojin Daidaito a Rumbunan Bayanai

Ƙa'idar daidaito, a fagen ilimin kwamfuta, yarjejeniya ce tsakanin rumbun bayanai da mai amfani da shi, wadda ke fayyace irin amsar da ya halatta rumbun ya bayar idan aka tambaye shi abin da aka riga aka rubuta a cikinsa, musamman a yayin da mutane da yawa ke rubutu da karatu a lokaci guda, ko kuma a yayin da bayanin ke ajiye a kwamfutoci da dama da ke garuruwa daban-daban. Irin wannan rukuni na kwamfutoci, waɗanda ba su da hanyar sanin halin da junansu ke ciki sai ta musayar saƙo, shi ake nufi da tsari mai rassa, kowace kwamfuta a cikinsa kuwa reshe ce mai riƙe da nata kwafin bayanan. Tambayar da fannin ya ginu a kanta ba ta da wuyar faɗa, wato idan aka canza wani adadi a reshe ɗaya, daga wane lokaci ne ya haramta ga sauran rassan su ci gaba da faɗin tsohon adadin. Sai dai masana sun shafe kusan shekara hamsin suna gyara amsarta, kuma wanda ya bi sawun aikinsu zai tarar da cewa rabin wahalar ta injiniyanci ce, ɗaya rabin kuwa ta lafazi ce, domin alƙawarin da ba a tsayar da kalmominsa ba, babu mai iya tantance ko an cika shi ko an saɓa.

A farkon zamanin kwamfuta bayanai wuri ɗaya suke zaune. Tsarin SABRE, wanda kamfanin jiragen sama na American Airlines ya gina tare da IBM, ya kuma kankama a 1964, yana karɓar buƙatun masu sayar da tikiti daga birane da yawa na Amurka ta layukan tarho, amma littafin kujerun yana cibiya guda a garin Briarcliff Manor na jihar New York. Duk da haka matsalar ta riga ta kunno kai, domin idan ma'aikata biyu suka duba a lokaci guda suka ga saura kujera ɗaya, kowannensu kuma ya sayar da ita, to littafin ɗaya ne, amma an yi masa rubutu biyu da ba za su zauna tare ba.

Wurin da aka fara tsayar wa wannan matsala ma'ana shi ne cibiyar bincike ta IBM da ke San Jose a jihar Kalifoniya, inda Edgar Codd ya fitar da tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna a 1970, kuma inda aka soma gina wani rumbun gwaji mai suna System R bayan 'yan shekaru. Cikin ayarin masu binciken akwai Jim Gray, wanda shi da Kapali Eswaran da Raymond Lorie da Irving Traiger suka wallafa wata maƙala a 1976 da ta zama tubalin fannin. Sun ɗauki abin da ake kira ma'amala, wato jerin karatu da rubutu da ake so a lasafta su a matsayin aiki guda, kamar cire kuɗi daga wannan asusu da zuba su a wancan, suka ce rumbun yana da 'yancin cakuɗa matakan ma'amaloli da yawa domin sauri, da sharaɗin sakamakon ya zo daidai da abin da za a samu da a ce ɗaya bayan ɗaya aka gudanar da su. Wannan sharaɗi shi ne jerantuwa. Sun kuma nuna hanyar cim masa, wadda ita ce kulle mai zango biyu, inda ma'amala ke sanya kwaɗo a kan duk bayanin da za ta taɓa, kuma da zarar ta cire kwaɗo ɗaya ba ta da sauran izinin sanya wani. Alfanun jerantuwa shi ne ta sauke wa mai rubuta manhaja nauyi babba, tun da yana iya tsara aikinsa kamar shi kaɗai ne a rumbun, farashinta kuwa jira ne, domin wanda ya tarar da kwaɗo dole ya tsaya har sai mai shi ya gama. Saboda haka ne tun a wancan lokaci Gray da abokan aikinsa suka zayyana matakai huɗu na daidaito, daga sifiri zuwa uku, inda ake sassauta kullen a ƙananan matakan domin a samu sauri. A 1983 wasu Jamusawa biyu, Theo Härder da Andreas Reuter, suka tattara siffofin ingantacciyar ma'amala a ƙarƙashin taƙaitaccen suna ACID, wato a yi ta gaba ɗaya ko kada a yi ko kaɗan, ta bar rumbun bisa dokokinsa, ta keɓanta daga sauran ma'amaloli, kuma abin da ta rubuta ya ɗore ko da wuta ta ɗauke. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya aka cire a asusunsa amma ba su sauka wurin wanda aka tura wa ba, ya ga abin da ke faruwa idan siffa ta farko ta gagara tsakanin rumbunan bankuna biyu.

A daidai wannan lokaci wata matsala dabam ke tasowa a gabashin Amurka. Hanyar sadarwa ta ARPANET, wadda ita ce kakar intanet, ta fara aiki a 1969, kuma da rassanta suka yawaita sai buƙatar ajiye bayani iri ɗaya a wurare da dama ta taso. A watan Janairun 1975 Paul Johnson da Robert Thomas, ma'aikatan kamfanin BBN da ke Cambridge a jihar Massachusetts, suka rubuta wata gajeriyar takarda a kan kula da rumbuna masu kwafi, inda suka ba da shawarar a buga wa kowane canji hatimin lokaci, idan canje-canje biyu suka yi karo sai mai hatimin baya-bayan nan ya yi nasara. Takardar ta faɗa hannun Leslie Lamport, masanin lissafi mai zurfin fahimtar ra'in Einstein a kan lokaci da tazara, shi kuma nan take ya gane cewa abin da suke nema ba zai samu daga agogo ba, domin agogunan kwamfutoci biyu ba su taɓa zama daidai ba, kuma canjin da ya faru sakamakon wani canji yana iya ɗaukar hatimin da ya riga na sababinsa. A maƙalarsa ta 1978 ya ajiye agogon bango a gefe, ya ce wani lamari ya riga wani ne kawai idan a reshe ɗaya suka faru a jere, ko kuma na farkon aika saƙo ne na biyun kuma karɓarsa, ko kuma akwai sarƙar irin waɗannan matakai da ta haɗa su. Lamura biyu da babu irin wannan sarƙa tsakaninsu babu wanda ya riga wani, ko da an yi minti guda tsakaninsu, tun da babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Daga nan ya ƙirƙiro agogon ƙidaya, wato lamba da kowane reshe ke ƙarawa duk lokacin da ya yi wani abu, yana liƙa ta a jikin saƙonninsa, mai karɓar saƙon kuma yana ɗaga tasa lambar ta zarce wadda ya gani. A cikin maƙalar dai ya nuna cewa idan rassa duka suka fara daga hali ɗaya, suka kuma zartar da umarni iri ɗaya bisa jeri ɗaya, to ba za su taɓa saɓa wa juna ba, kuma a kan wannan lura aka gina kusan duk wani tsari mai tsauraran alƙawura da ya zo daga baya.

Shekara guda bayan haka Lamport ya sake fitar da wata maƙala mai shafi biyu kacal, wadda ta shafi kwamfuta mai ƙwaƙwale da yawa da ke tarayya a ma'ajiya ɗaya, kuma a cikinta ne ya tsayar da ma'anar daidaiton jeri, wato sakamako ya kasance kamar an jera ayyukan kowa a layi guda, kuma ayyukan kowane mai aiki su bayyana a layin bisa yadda ya gabatar da su. Wannan ƙa'ida ba ta ɗaure tsarin da agogon duniya ba. Idan wani ma'aikaci ya canza farashin kaya a reshe ɗaya, ya buga wa abokin aikinsa waya ya sanar da shi, abokin ya duba wani reshe ya tarar da tsohon farashi, daidaiton jeri bai karye ba, domin ana iya ɗaukar karatun nasa a matsayin wanda ya zo kafin canjin a cikin layin. Wannan giɓi ne Maurice Herlihy da Jeannette Wing, waɗanda suka fara aikin a jami'ar Carnegie Mellon, suka toshe a maƙalarsu ta 1990 da ƙa'idar da za a iya kira daidaiton nan take, wadda ta ce kowane aiki dole ya zama kamar ya faru ne a ƙiftawa ɗaya, tsakanin lokacin da aka nemi yin sa da lokacin da aka ba da amsa, ta yadda duk karatun da aka fara bayan an kammala rubutu dole ya ga rubutun ko wanda ya biyo bayansa. A taƙaice tsarin yana nuna hali kamar kwafi ɗaya ne tak. Ya kamata a lura cewa jerantuwa da daidaiton nan take daga gida biyu suka fito, ta farko tana magana a kan ma'amala mai taɓa abubuwa da yawa ba tare da la'akari da agogo ba, na biyun kuma a kan abu ɗaya tare da la'akari da agogo, amma gidajen biyu kalmar Ingilishi ɗaya suke amfani da ita, wadda ake fassarawa da daidaito, kuma wannan ya jawo ruɗanin da har yau bai gama washewa ba.

Alƙawari mai ƙarfi yana da farashi, kuma masanan wancan zamani sun auna shi da kyau. David Gifford ya nuna a 1979 cewa ba sai an tuntuɓi rassa duka ba, domin idan kwafi biyar ne, aka wajabta kowane rubutu ya samu amincewar uku, kowane karatu kuma ya tambayi uku, to babu makawa rukunan biyu sun haɗu a reshe ɗaya aƙalla, wanda ke riƙe da sabon bayani. Amma tambayar uku tana nufin jiran uku, kuma haske a cikin wayar gilashi bai wuce gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan guda ba, saboda haka saƙon da ya tashi daga New York zuwa Landan ya dawo ba zai ci ƙasa da kimanin milisakan 55 ba, wato kashi 55 cikin dubu na sakan, komai kyawun na'urori. A 1985 kuma Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa, idan babu iyaka ga daɗewar da saƙo zai iya yi a hanya, to babu wata tsayayyar dabara da ke da tabbacin kai rassa ga matsaya ɗaya a kowane hali muddin reshe ɗaya na iya mutuwa, saboda ba a iya bambance wanda ya mutu da wanda ya yi jinkiri. Dabarun da suka biyo baya sun rungumi wannan iyaka, suka zaɓi kada su taɓa yanke hukunci biyu masu karo da juna, ko da hakan zai sa su tsaya cik na ɗan lokaci. Brian Oki da Barbara Liskov sun fitar da tasu a 1988 a cibiyar MIT, Lamport kuma ya miƙa tasa mai suna Paxos a 1990, sai dai da yake ya tsara ta a matsayin labarin majalisar wani tsibiri na tsohuwar Girka, masu tantancewa ba su yi na'am da salon ba, ba ta fito ba sai a 1998.

A ɓangaren kasuwa kuwa abin ya ɗauki wata hanya mai ban takaici. Ma'aunin 1992 na SQL, harshen da ake magana da rumbunan bayanai da shi, ya tanadi matakai huɗu na keɓewa, ya kuma bayyana su ta hanyar lissafo aibobi uku da kowane mataki zai hana ko ya ƙyale. A 1995 Hal Berenson da Philip Bernstein da Gray da Jim Melton da Elizabeth O'Neil da Patrick O'Neil suka nuna cewa lafazin ma'aunin yana da harshen damo, kuma akwai aibobin da bai ambata ba sam. Su ne suka raɗa wa wata dabara suna keɓewar hoto, inda kowace ma'amala ke karatu daga hoton rumbun kamar yadda yake a lokacin da ta fara, ana kuma soke ta ne kawai idan wata ta riga ta rubutu a kan abu ɗaya. Dabarar tana da sauri, tana kuma kauce wa aibobin nan uku, amma ba ta kai jerantuwa ba. A ƙaddara sito mai ɗaki biyu, kowanne da buhu 80, bisa dokar cewa jimillar kada ta gaza 100. Magatakarda biyu suka duba a lokaci guda, kowanne ya ga 160, ya lissafa cewa cire 50 zai bar 110, wannan ya cire daga ɗaki na farko, wancan daga na biyu. Ba su taɓa abu ɗaya ba, saboda haka rumbun ya amince da su duka, sito kuwa ya koma buhu 60. Duk da wannan, rumbun Oracle yana kiran keɓewar hoto da sunan jerantuwa, haka ma PostgreSQL ya yi har zuwa fitowar sigarsa ta 9.1 a 2011, wadda ta ɗauki gyaran da Michael Cahill da Uwe Röhm da Alan Fekete na jami'ar Sidni a Ostiraliya suka gabatar a 2008. Wannan ya fi sassauci kansa illa, domin mai manhajar da aka gaya wa gaskiyar raunin rumbunsa yana iya yin tanadi, wanda aka ba shi suna mai ƙarfi a kan abu mai rauni kuwa ya kwanta da tabbacin da babu shi.

Akwai kuma waɗanda tun da wuri suka zaɓi sassauci da idonsu a buɗe, cibiyarsu kuwa ita ce ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto. Tsarin wasiƙunsu mai suna Grapevine, na farkon shekarun 1980, yana barin rajistar sunaye ta saɓa tsakanin rassa na ɗan lokaci, a 1987 kuma Alan Demers da abokansa suka bayyana yadda canji zai bazu kamar yadda jita-jita ke bazuwa a gari, kowane reshe yana zaɓar wani ya ba shi labari. Aikin Bayou, wanda Douglas Terry ke cikin jagororinsa a tsakiyar shekarun 1990, ya yi tanadi ga masu kwamfutar tafi-da-gidanka da ke yini ba tare da sadarwa ba, inda mutum zai kama ɗakin taro a kan nasa kwafin, kamun ya zauna a matsayin na wucin gadi har sai an haɗu da sauran. Daga wannan aiki ne aka samu ƙananan alƙawura huɗu da suka shafi mai amfani guda, waɗanda mafi sauƙin fahimta a cikinsu su ne mutum ya ga abin da shi kansa ya rubuta, kuma kada ya ga sabon bayani sannan daga baya a nuna masa tsoho. Gray da wasu abokansa uku sun yi gargaɗi a 1996 cewa idan aka bar kowane reshe yana karɓar rubutu, yawan karo zai ƙaru fiye da kima yayin da tsarin ke girma, amma bunƙasar yanar gizo ta riga ta karkata akalar fannin.

Eric Brewer, malami a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya kafa kamfanin binciken intanet na Inktomi tare da Paul Gauthier a 1996, ya ga cewa shafin da ya ƙi amsawa ya fi jawo asara a kan shafin da ya ba da amsa mai ɗan tsufa. Shi da ɗalibansa suka kira wannan hanya BASE, domin a ilimin sinadarai ACID na nufin abu mai tsami, BASE kuma kishiyarsa ce, kamar dai yadda kanwa ke kashe tsami. A watan Yulin 2000, a wani taron masana a birnin Portland na jihar Oregon, ya gabatar da hasashen da aka sani da CAP, wanda ya ce tsari mai rassa ba zai haɗa abu uku ba, wato daidaito, da amsawa a koyaushe, da jure tsinkewar sadarwa tsakanin rassa. Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da shi a 2002, bayan sun fassara daidaito da daidaiton nan take. Hujjar gajeriya ce, domin idan layi ya tsinke tsakanin rassa biyu, aka yi rubutu a ɗaya, aka zo karatu a ɗayan, to na biyun ko dai ya faɗi tsohon bayani ko ya yi shiru, babu hanya ta uku.

Hasashen ya bazu da lafazin a zaɓi biyu cikin uku, wanda ya ɓatar da mutane da yawa, domin tsinkewar sadarwa ba abin zaɓi ba ce, tana zuwa ne ba sallama, kuma hujjar ba ta ce komai ba game da ranakun da layi ke lafiya. Brewer da kansa ya gyara wannan fahimta a 2012. Daniel Abadi, wanda a lokacin yake jami'ar Yale, ya riga ya nuna tun 2010 cewa cinikin da ake yi kullum tsakanin daidaito ne da jinkiri, ko da babu abin da ya tsinke, kuma wannan ya fi bayyana dalilin da ya sa manyan kamfanoni suka sassauta.

Fitaccen misalin sassaucin shi ne Dynamo, rumbun da Amazon ya gina ya kuma bayyana a 2007. Manufarsa ita ce kada a taɓa hana mai saye jefa kaya a kwandonsa, saboda haka yana karɓar rubutu ko da wasu rassa sun ɓace, yana kuma amfani da agogon ƙidaya mai gurbi ga kowane reshe, irin wanda Colin Fidge da Friedemann Mattern suka bayyana a ƙarshen shekarun 1980, domin gane kwafin da suka rabu. Idan aka samu kwando biyu masu saɓani sai a haɗe su, wanda ke nufin abin da aka zuba ba ya ɓacewa, amma abin da aka cire yana iya dawowa. Marubutan sun faɗi wannan a fili, sun kuma ba da rahoton cewa a awon da suka yi na yini guda kashi 99.94 cikin ɗari na buƙatu kwafi ɗaya tak suka gani. Werner Vogels, babban jami'in fasaha na kamfanin, shi ya yayata sunan daidaiton bisani, wanda ma'anarsa ita ce idan aka daina rubutu, a ƙarshe rassa duka za su zo kan magana ɗaya, kamar yadda rajistar sunayen shafukan intanet ke yi. Alƙawari ne mai rauni ƙwarai, tun da bai faɗi yaushe ba, bai kuma iyakance abin da za a iya karantawa kafin lokacin ba. 

Rumbuna da yawa suka biyo sawun Dynamo, ciki har da Cassandra da Facebook ya saki a 2008, da Voldemort na LinkedIn, da Riak, aka kuma yi musu laƙabin NoSQL. Abin da ya dace da kwandon sayayya sai aka ɗora shi a kan ayyukan da ba sa jure shi, kuma da yawa suka koma ga tsohuwar shawarar Johnson da Thomas ta barin mai hatimin ƙarshe ya yi nasara, wadda ke jefar da ɗaya rubutun ba tare da sanar da kowa ba. Daga 2013 wani injiniya mai suna Kyle Kingsbury ya fara jerin gwaje-gwaje da ya kira Jepsen, inda yake kafa rumbu a kan rassa kaɗan, ya tsinke sadarwa da gangan, ya rubuta duk abin da aka nema da duk amsar da aka samu, sannan ya gwada tarihin da ma'anonin su Herlihy da Wing. Ya tarar da cewa Riak, idan aka bar shi a kan dokar mai hatimin ƙarshe, yana iya zubar da fiye da rabin rubutun da ya ce ya karɓa, amma idan aka adana kwafin da suka rabu aka haɗe su da kyau babu abin da ke salwanta. A shekarar dai Peter Bailis da abokansa a Berkeley suka duba rumbuna 18 masu iƙirarin ingantacciyar ma'amala, suka samu uku kacal ke ba da jerantuwa ba tare da an nema ba, takwas kuwa ba su da ita ko an nema. Darajar waɗannan ayyuka ita ce sun mayar da ma'anonin da suka yi shekara ashirin a mujallun masana suka zama ma'aunin da mai saye zai iya ɗora kaya a kai.

Masu neman tsaka-tsaki ma ba su zauna ba. A 2011 Marc Shapiro na cibiyar INRIA a Faransa da Nuno Preguiça da Carlos Baquero da Marek Zawirski suka tsara nau'o'in bayanai waɗanda haɗe kwafinsu ke ba da sakamako ɗaya ko ta wane jeri aka bi, a shekarar kuma aka farfaɗo da daidaiton sababi, wanda ke komawa ga sarƙar Lamport ta 1978, ya ce duk wanda ya ga amsa dole ya ga tambayar da ta haife ta, sauran lamura kuwa kowa na iya ganinsu bisa jerin da ya samu.

Babban juyin ya zo daga Google, wanda a 2012 ya bayyana Spanner, rumbun da ke da rassa a nahiyoyi daban-daban amma yake ba da jerantuwa tare da kiyaye agogon duniya. Kayan aikinsa tsofaffi ne, wato Paxos tsakanin kwafi, da kulle mai zango biyu, da tabbatarwa mai zango biyu irin wadda Gray ya bayyana a 1978, inda ake fara tambayar rassa ko sun shirya kafin a umarce su su zartar. Sabon abin shi ne yadda aka ɗauki agogo. An sanya na'urorin karɓar lokaci daga taurarin GPS da agogunan atam a cibiyoyin bayanai, aka kuma gina wata hidima mai suna TrueTime, wadda idan aka tambaye ta lokaci takan ba da iyaka biyu, ta ce lokacin gaskiya yana tsakaninsu, kuma kuskuren da take lissafawa yawanci tsakanin milisakan 1 ne zuwa 7. Ma'amalar da za ta kammala sai ta ɗauki hatimi daga iyakar sama, ta jira har sai ta tabbata lokacin ya wuce a ko'ina, sannan ta saki kwaɗunanta, ta yadda duk ma'amalar da ta fara bayanta, ko a wace nahiya take, hatiminta zai fi girma. Lamport ya ajiye agogo a gefe saboda ba a san girman kuskurensa ba, injiniyoyin Google kuwa sun auna kuskuren ne suka biya shi da ɗan jira. Hujjar CAP tana nan daram, domin idan layi ya tsinke ɓangaren da ba shi da rinjaye yakan daina karɓar rubutu, sai dai kamfanin yana da layukansa na kansa masu yawa, har tsinkewar ta zama abin da ba safai ake gani ba. Dalilin da suka bayar na shan wannan wahala yana da nauyi a tarihin fannin, domin sun ce sun ga yadda masu manhaja ke ɓata lokaci mai yawa suna rubuta dabaru masu sarƙaƙiya da saurin kuskure domin rufe giɓin da daidaiton bisani ya bari. A 2014 Diego Ongaro da John Ousterhout na jami'ar Stanford suka fitar da Raft, dabarar cim ma matsaya da aka tsara domin sauƙin fahimta, wadda ta ba ƙananan kamfanoni damar gina rumbuna masu tsauraran alƙawura.

Cinikin bai gushe ba duk da haka. Ran 21 ga Oktoban 2018 sadarwa ta tsinke na sakan 43 a ɓangaren gabashin Amurka na kamfanin GitHub, tsarin ya miƙa jagorancin rumbunan ga cibiyar da ke yamma, da layin ya dawo kuma sai aka tarar kowane ɓangare yana da rubutun da ɗayan bai gani ba. Kamfanin ya fifita kare bayanan jama'a a kan saurin dawowa aiki, kuma hidimarsa ta yi awa 24 da minti 11 tana tafiyar hawainiya kafin a gama daidaita kwafin.

Ita kuwa ma'ajiyar fayiloli ta Amazon mai suna S3, wadda aka buɗe a 2006, ta shafe shekara 14 a kan daidaiton bisani, ta yadda mai aiki zai iya ajiye fayil, ya nemi jerin fayilolinsa, ya tarar babu shi. Masu sarrafa bayanai masu yawa sun sha fama da wannan, har Netflix ya gina wata manhaja mai suna s3mper, masu kula da manhajar Hadoop kuma suka gina S3Guard, dukansu suna ajiye rajista ta biyu a wani rumbu dabam domin su gane lokacin da ma'ajiyar ke ba da tsohon labari. A watan Disamban 2020 Amazon ya sanar da cewa daga lokacin duk karatun da ya biyo bayan rubutu zai ga rubutun, haka ma jerin fayiloli, ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma bayan wani lokaci masu kula da Hadoop suka cire S3Guard daga manhajarsu baki ɗaya.